Masuntan Tudu: Ire-iren Mutanen da Ke Raka Baƙo Fatsa a Ƙasar Jos

Garin Jos yana bisa tsauni ne mai tudun kimanin mita 1,200, kuma tsakaninsa da gaɓar teku akwai tafiyar yini guda cur a mota, saboda haka ba a lissafa mutanensa cikin masunta, su ma ba su taɓa neman a lissafa su ba. Abin da tsaunin ya shahara da shi a sha'anin ruwa shi ne kyauta, domin daga nan Kogin Kaduna yake tasowa ya gangara ƙasar Nupe ya faɗa Kwara, daga nan Gongola yake ɗaukar hanyar Binuwai, Dilimi kuwa da ya ratsa tsakiyar gari yakan bi ta ƙasar Bauchi ya haɗu da ruwan da ke dosar Tafkin Chadi. Ruwan yakan tafi ya yi wa waɗansu kiwon kifi, daga baya a ɗauro wa Jasawa banda a kwali daga Baga su saya da tsada.

Ruwan da ya rage a gida iri biyu ne. Akwai madatsu, wato ruwan da aka tare da gangan, irin su Lamingo da Liberty da ke gindin Duwatsun Shere, da kuma na Kurra a ƙasar Barikin Ladi, inda kamfanin NESCO da aka kafa a 1929 yake samar da lantarki. Akwai kuma kududdufan kuza, wato ramukan da kamfanonin haƙar kuza suka bari tun daga wajen 1904 har zuwa faɗuwar kasuwar kuza ta duniya a 1985, waɗanda damina ta cika su suka zama tafkuna a kewayen Rayfield da Bukuru da Bisichi da Barikin Ladi. Waɗannan ramuka suna da zurfi, gaɓarsu a tsaye take, ƙasansu da sanyi, abincin kifi kuma bai yawaita a cikinsu ba, don haka kifinsu ba ya cika girma. Sanyin tsaunin nan ne ya sa gonar kifi ta Panyam, wadda aka buɗe a 1951, ta shigo da kifin kaf daga Ostiriya a 1954, saboda shi yana jure abin da karfasa ba ta jurewa. Ita karfasa, da zarar ɗumin ruwa ya sauka ƙasa da digiri 20, sai ta rage cin abinci, kuma hakan yana faruwa ne a watannin Disamba da Janairu, waɗanda su ne daidai lokacin da baƙi suka fi zuwa Jos hutu.

A kan wannan saɓani na lokaci aka gina al'adar da ake bayani a nan. Idan baƙo ya kwana uku, an kai shi gidan tarihi da aka buɗe a 1952, an kai shi gandun namun daji, an hau da shi duwatsu har ya yi haki, sai dabara ta ƙare wa mai masaukinsa, daga nan a kawo shawarar a tafi fatsa a kwana a bakin ruwa. Fatsa ita ce kamun kifi da ƙugiya ɗaya a bakin zare da sanda, kuma ta bambanta da su na sosai, wanda ake yi da taru ko birgi ko homa domin neman abinci. Mai su yana neman kifi ne, mai fatsa kuwa yana da sauran buƙatu, kuma daga waɗannan buƙatu ne ake iya rarrabe mutanen da ke cika motar.

Mai masauki

Shi ne tushen tafiyar kuma shi ne mafi wahala a cikinta, domin tun baƙo yana garinsu ya riga ya yi masa alkawari ta waya cewa kifi a nan sai ya ture, alhali kifin da ya gani da idonsa a wannan ruwa tun yana makarantar sakandare ne. Daga lokacin da aka jefa ƙugiya ta farko, ba ya duban ruwa, fuskar baƙo yake duba, yana auna ko hamma ce ta gajiya ko ta raini. Yakan ɗauki laifin kifi ya ɗora wa kansa, yana ba da haƙuri a madadin karfasa da tarwaɗa, yana rantsuwa cewa makon jiya waɗansu sun cika buhu a daidai wannan wuri. Idan shiru ya yi yawa sai ya koma ga abin da ba ya kunyata Jos, ya nuna wa baƙo duwatsu, ya ce masa, «Alhaji, ka dai shaƙi iskar nan, ai ko kifi babu an ci riba.» Masu lura sun tabbatar cewa duk lokacin da mai masauki ya fara yabon iska, to babu komai a cikin bokiti.

Baƙo

Baƙi kashi biyu ne, gwargwadon inda suka fito. Kashi na farko shi ne mutumin Kano ko Sakkwato ko Katsina, wanda aka gargaɗe shi ya zo da rigar sanyi da bargo, shi kuwa ya ɗauki gargaɗin a matsayin cin fuska, ya amsa da cewa wane hunturu ne bai gani ba a garinsu. Yakan iso bakin ruwa da shadda mai sitaci da hula zanna da takalmi sau-ciki, ya wuni yana tsokanar Jasawa da suka naɗe wuya tun la'asar. Ba a yi masa gardama, domin tsaunin yana da nasa lokacin amsa, wanda yake tsakanin ƙarfe biyu da ƙarfe huɗu na dare, sa'ad da awon sanyi kan sauka ƙasa da digiri 10, iska kuma ta taso daga kan ruwa. A wannan sa'a akan same shi ya zura ƙafafu cikin buhu, ya naɗe sauran jikinsa da tabarmar salla, yana jingine da tayar mota kamar dankalin Bokkos da ke jiran a loda shi. Da asuba, idan aka miƙa masa butar alwala, yakan tambaya cikin ladabi ko akwai malamin da ya yi bayani a kan taimama a gefen tafki.

Kashi na biyu ya fi wuyar sha'ani, shi ne wanda ya fito daga ƙasar ruwa, ko Yawuri ko Lakwaja ko Legas, wanda ya tashi yana ganin kifin da sai mutum biyu sun ɗauka. Wannan ba ya raina komai da baki, kuma shirunsa ne yake kashe mai masauki. Idan aka yi sa'a aka ciro 'yar karfasa mai faɗin yatsu uku, jama'a suka yi kabbara, shi sai ya karɓe ta ya jujjuya da tausayi, ya tambaya da zuciya ɗaya ko da ita za a ɗana wa babban.

Sarkin Ruwan Tudu

Wannan shi ne ginshiƙin kowace tafiya, kuma ya cancanci dogon bayani domin shi ma ba ya taƙaitawa. Sarkin Ruwa na gaskiya sarauta ce ta gado a wurin Kabawa da Sarkawa, kuma a Argungu shi ne yake duba lafiyar ruwan Matan Fada kafin dubban masunta su faɗa ciki a bikin da ya samo asali daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai garin a 1934. Sarkin Ruwan Tudu kuwa bai gaji kowa ba, shi ya naɗa kansa, hujjarsa kuma biyu ce: akwai wata kakarsa ta wajen uwa da aka ce ta taɓa zama a Yawuri, sannan ya taɓa halartar bikin Argungu. A shekarar da ya je, a rumfar 'yan kallo ya zauna yana cin rake, amma shekaru sun yi ta matsar da shi sannu a hankali, daga rumfa zuwa gaɓa, daga gaɓa zuwa cikin ruwa, har ya zama a labarin bana yana kan gora da homa a hannu biyu, kuma alƙalan gasa ne suka yi masa hassada.

Shi ne yake zama gidan gaba a mota ba tare da an miƙa masa ba. Idan aka isa, yakan hana a sauke kaya, ya goya hannu a baya ya bi gaɓa yana tafiyar ƙasaita, ya tsuguna ya ɗebi ruwa ya sansana, ya ɗanɗana, ya tofar, ya jefa tsakuwa ya saurari ƙararta, sannan ya juyo ya sanar da cewa akwai giwan ruwa a nan. Giwan ruwa shi ne babban kifin manyan koguna da tafkuna, wanda nauyinsa kan wuce kilo 100, wurin da ake tsaye kuwa rami ne da injin kamfani ya haƙa, wanda babu kogin da ke shiga cikinsa, amma ba a taɓa samun wanda ya yi ƙarfin halin tambayar ta wace hanya giwar ta hau tsauni ba. Daga nan sai ya shiga karanto sunayen kifaye, ragon ruwa da tsage da yauni da kurungu da minjirya, kowanne da tabon da ya bar masa a jiki, yana naɗe hannun riga yana nuna wa baƙo wani tsohon ƙunan salansar babur a matsayin shaidar minjirya.

Ba ya yarda da ƙullin kowa. Yakan bi ƙugiyoyin jama'a ɗaya bayan ɗaya ya kwance ya sake ɗaurawa da wani ƙulli da ya ce sirrin Sarkawa ne, wanda babbar alamarsa ita ce yana warwarewa da kansa a cikin ruwa. Yakan raina tanar da aka tono, ya ce ta yi siriri, ya raina hanjin kaza, ya ce ya kwana, ya gyara totuwar karan da aka ɗaura a zare domin ta nuna motsin kifi har sai ta daina nuna komai. Bayan haka sai ya kafa dokar shiru, yana kewaya gaɓa yana daka tsawa cewa a yi shiru kifi yana ji, da muryar da matan ƙauyen da ke ƙetare sukan ɗago kai su duba ko lafiya.

Fagen da ya fi ƙwarewa a cikinsa shi ne ilimin dalilai, wato sanin abin da ya hana kifi ci, kuma a nan ba a taɓa ƙure shi ba. Idan da iska, ita ta kore su, idan babu iska, ruwa ya yi kwance da yawa suna hango mutane. Idan da farin wata, sun ƙoshi da dare, idan duhu ne, ba su ganin koto. Wani ya taɓa tana da hannun da ya yanka albasa, wani ya nuna ruwa da yatsa, wani ya sa jar hula, wani kuma ya yi babban laifi, ya tambaya ko an kama. Sanyin ruwa, wanda shi ne dalili na gaskiya, shi kaɗai ne ba ya ambata, saboda dalili ne da kowa zai iya ganewa ba tare da kaka a Yawuri ba.

Babbar sa'arsa takan zo ne idan ƙugiyarsa ta maƙale a saiwa ko a wani tsohon ƙarfe da masu haƙar kuza suka bari a ƙasan ramin. Nan take sai ya turje, sanda ta lanƙwashe, jijiyoyin wuya su tashi, ya yi ta ba da umarni a ja baya, a kawo buhu, a riƙe masa ƙugu, baƙo ya matso ya ga abin da ake gaya masa. Bayan an yi rubu'in sa'a ana kokawa da ƙarfen Turawa sai zare ya tsinke, ya zauna daɓas yana salati, kuma wannan ne sakamakon da ya fi so, tun da kifin da bai fito ba ba a ɗora shi a sikeli. A bakin ruwa tsawonsa taƙi biyu ne, wato ninki biyu na buɗewar yatsun hannu ɗaya. A gindin wuta ya kai kamu guda da rabi, kamu kuwa daga gwiwar hannu ne zuwa kan yatsa. Kafin mota ta wuce Bukuru ya cika gaba, wato iyakar buɗewar hannuwa biyu, kuma a majalisar dare ta titin Bauchi sai an matsa wa Sarki wuri kafin ya iya nuna shi. Duk da haka ba a tafiya ba tare da shi ba, domin shi ne yake cike sa'o'in da kifi ya bari fayau, shi ne yake sauke wa mai masauki rabin kunya, kuma labarinsa ne kaɗai abin da baƙo yake komawa gida da shi wanda ba ya ruɓewa a hanya.

Mai kayan kanti

Wannan ya yi odar sandar fatsa ta ƙasar waje mai naɗewa da ƙaramin injin naɗe zare, da akwati mai hawa uku cike da kifayen roba masu ƙyalli, da riga mai aljihu goma sha, kuma ya kalli yadda ake yi a YouTube har ya haddace. Jifarsa ta farko takan kama reshen itace, ta biyu ta kama hular ma'ajin tafiyar, ta uku kuma zaren ya cukurkuɗe a cikin injin, ya shafe sauran yini yana warwara da haƙori. A ɗan nesa da shi akwai yaron ƙauye mai kimanin shekara goma, da sandar gora da zaren buhu da ƙugiyar da ta yi tsatsa, yana ciro karfasa ɗaya bayan ɗaya yana zurawa a tsinken ciyawa, saboda ya san inda rana take fara ɗumama ruwa da inda matan gari suke wanke tukwane dusa ta zuba. Cinikin da ke gudana tsakanin waɗannan biyu da yamma, a bayan wani dutse, da murya ƙasa-ƙasa, shi ne asalin yawancin kifin da ake gani a hotunan irin wannan tafiya.

Ƙananan rukunai

Akwai mai «ga ni nan a Farin Gada», wanda aka yi da shi za a tashi bayan sallar asuba, amma har hantsi yana tabbatarwa ta waya cewa yana Farin Gada, ana kuwa jin ƙarar ruwan wanka a bayan muryarsa. Akwai ma'aji, mai riƙe kuɗin karo-karo, wanda yake lissafa kuɗin mai da gawayi da burodi ya raba da yawan kifin da aka kama, ya sanar da jama'a cewa kowace karfasa ta tashi a kan kuɗin ƙafar rago. Akwai malamin ƙasaru, ƙasaru kuwa ita ce mayar da salla mai raka'a huɗu zuwa biyu saboda tafiyar da malaman Malikiyya suka ƙayyade da mil 48, shi kuma yana neman a yi ta a Lamingo, inda ake hango fitilun gari, kuma yakan kafa hujja har lokacin la'asar ya nemi ƙurewa. Akwai mai hoto, wanda bai taɓa tana ba saboda ƙyama, amma duk kifin da ya fito sai an ara masa, ya miƙo shi gaba daf da waya domin ya yi girma, ya hau dutse neman sabis, kafin a gasa kifin har mutum ɗari sun taya shi murna a Facebook.

Sarkin tukunya

Shi ne mai hankalin tafiyar, kodayake ba a gode masa sai dare. Tun ana ɗaura ƙugiya ya riga ya haɗa murhu, ya jajjaga attarugu, ya yanka albasa da kabeji, ya ɗora mai, yana leƙo gaɓa lokaci-lokaci yana tambayar ko a sauke man ne ko a bar shi, tambayar da ta fi zagi ciwo. A bainar jama'a yana nuna cikakken imani da masu fatsa, amma a ƙasan buhunsa akwai kifin gwangwani da Indomie da ƙwai da dankalin Turawa, waɗanda ya ɓoye tun daga gida saboda ya taɓa zuwa. Idan magariba ta yi, yakan tsoma 'yan karfasa huɗun da aka samu a cikin tukunya domin a sami abin rantsuwa, ya juye gwangwani a kai, kowa ya ci ya yaba daɗin kifin tsauni, babu mai tona asirin wani. Aibinsa ɗaya ne, shi ne yana ɗanɗana gishiri da tsoka.

Mutanen dare

Kafin a kafa tanti wajibi ne a je a gaida mai unguwa ko dagacin wurin a sanar da shi, kuma daga dawowa ne gwanin tanti yake karɓar aiki, ya ƙi duba takardar bayani, ya yi ta zura ƙarafa har a sami wani gini mai ƙofa a sama da ƙarfe biyu da suka yi saura, waɗanda yakan ce na ajiya ne. Iskar tsauni takan yi nata gyaran da tsakar dare. Matsoraci kuwa da rana shi ne mai labarin yadda ya kori ɓarayi shi kaɗai, amma da duhu ya yi sai ya tuna cewa kowane tsohon ruwa yana da masu shi, ya fassara kukan kwaɗi da na tsuntsun dare da tarin ma'aji, ya ƙarar da batirin tocila a kan wata inuwa da gari ya waye ta zama jakin wani manomi. Ba ya fita fitsari sai da ɗan rakiya, kuma baƙo yake tasa, wai don ya nuna masa taurari. Mai minshari shi kaɗai ne yake barci, kuma shi ne yake tashi da safe yana ƙorafin cewa bai runtsa ba.

Akwai kuma wani da ba a cika lura da shi ba, wanda yakan zo da ɗan littafi da biro, ya zaɓi dutse mafi ɗumi ya zauna, ba ya tono tana, ba ya ɗebo itace, ba ya riƙe igiyar tanti, yana dai kallon kowa yana murmushi yana rubutu. Idan aka tambaye shi sai ya ce bincike yake yi. An lura cewa binciken ba ya hana shi jin lokacin da aka sauke tukunya, kuma kwanonsa ba ya cikin ƙanana.

Mai dabara

Duk waɗanda aka lissafa a sama ɓarnarsu ba ta wuce lokaci da kuɗin mai da ɗan abin da ya samu na mutunci, kuma dukkansu ana iya yi musu dariya a sake gayyatarsu. Saura mutum ɗaya wanda dariya ba ta kai gare shi. Yakan shigo tafiyar ne ta hannun wani, ya wuni yana yi wa fatsa ba'a cewa wasan yara ce, idan yamma ta yi kuma ya ga mai masauki ya shiga damuwa, sai ya ja shi gefe ya ce, «Yallaɓai, ku bar wahalar nan, ni ina da dabara», ya fito da kwalba a ƙunshe cikin baƙar leda. Abin da ke cikinta maganin ƙwari ne, sau da yawa irin wanda ake kira gamalin, wanda sinadarinsa na lindan yana cikin waɗanda Yarjejeniyar Stockholm ta sa a jerin haramtattu a 2009. Tun kafin wannan, dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta Nijeriya ta 1992 ta hana amfani da guba da nakiya da lantarki wajen kama kifi, hanin da ya haɗa har da magimfa, wato tsiron da mutanen da suke dakawa su zuba a kududdufi domin kifi ya bugu ya taso.

Abin da kwalbar take yi ba kamu ba ne, kisan kiyashi ne, domin ba ta bambanta babba da ɗan tsako, takan tashi da ƙwai da kwaɗi da duk wani mai numfashi a ruwan, kifin da aka kwasa kuma yana ɗauke da ita zuwa cikin wanda ya ci, har da baƙon da ake neman fita kunyarsa. Kududdufin kuza ba kogi ba ne da zai wanke kansa, ba shi da mafita, abin da aka zuba masa yana nan kwance a cikin laka shekara da shekaru. Daga wannan ruwa ne masu noman rani suke ja da inji su shayar da kabeji da karas da latas da tumatir da ake kai wa kasuwar Farin Gada, a nan makiyaya suke shayar da shanu, a nan mata suke wanki, a nan yaron nan mai sandar gora yake samun abin miyar gidansu. A tsaunin da tun daga 2001 aka sha ganin yadda maganar gona ɗaya ko saniya ɗaya take zama abin da ake binne mutane a kansa, mushen saniya a bakin ruwa ba ƙaramin abu ba ne, kuma zargin ba zai bi motar da ta koma Jos ba, zai sauka ne a kan maƙwabcin da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Idan aka yi masa magana, amsarsa ɗaya ce, wai ruwan Allah ne ba na kowa ba, kuma ramin da Turawa suka yar ba shi da mai shi. Wannan ita ce ƙaryar da ta fi ta Sarkin Ruwan Tudu girma, domin shi Sarki yana ƙara wa ruwa kifin da babu ne, wannan kuwa yana share mutanen da ke akwai. Hausawa sun ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba, kuma abin da 'yan birni suke mantawa shi ne cewa a bakin wannan ruwa ba mutumin Kano ne kaɗai baƙo ba, duk wanda ke cikin motar raɓa ne, har da mai masauki, masu gari su ne waɗanda za su sha ruwan gobe da jibi. Hukuncin mai dabara a wurin masu hankali ba ya buƙatar shawara: a karɓe kwalbar tun ba a buɗe ba, a sanar da mai unguwar da aka gaisar, a kuma gaya wa wanda ya kawo shi cewa kujerar ta cika daga yau. Sauran jama'a, da mai minshari da ma'aji da malamin ƙasaru, duk akwai wurinsu a tafiyar baɗi, kuma gidan gaba yana nan a ajiye domin Sarkin Ruwan Tudu, wanda ake sa ran kifinsa na bana zai kai gaba biyu kafin lokacin.